Tsohuwar mota, sabon farashi: abin da gwanjon duniya ke koya wa masu sake fasalin motoci

A shekarar 1959 wani saurayi ɗan makaranta a jihar Kalifoniya ta Amurka, mai suna Jim McNiel, ya ga wata tsohuwar mota ƙirar Mercury a wurin sayar da motocin hannu. Ya saye ta a kan dalar Amurka 500. Ya hau ta na ƴan shekaru, daga baya ya tura ta garejin gidansa ya rufe. A watan Janairun 2022, bayan rasuwarsa, iyalansa suka kai motar gwanjon kamfanin Mecum a garin Kissimmee na jihar Florida. Da guduma ta sauka, kuɗin da mai saye ya biya sun kai dala miliyan 2 da dubu 145, wato sama da miliyar ɗaya na kuɗinmu na CFA. Mai karatu ya lura, duk inda muka ce dala a wannan rahoto ta Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Abin da ya sa labarin ya ja hankali shi ne motar ba ta nan yadda kamfani ya ƙera ta. An yanke rufinta an rage masa tsawo, an sake mata fuska, an cire injinta an sa na Cadillac. A ƙa'idar masu tara tsofaffin motoci, irin wannan aiki yakan karya darajar mota. To me ya sa wannan ta yi tsada haka, alhali dubban motocin da aka yi wa irin wannan kwaskwarima ba sa ko mayar da kuɗin da aka kashe musu?

Tambayar ta shafi matasanmu da ke zuba kuɗi wajen ƙawata motoci a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Ta shafi ƴan uwanmu mazauna Faransa, Beljiyam da Amurka da ke ganin waɗannan farashi a waya suna tunanin shiga harkar. Ta kuma shafi duk gidan da ke da wata tsohuwar mota a jingine a bayan ɗaki, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Inda farashi ya kai ƙololuwa

Motar da ta fi kowace tsada a tarihin gwanjo ita ce Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ta shekarar 1955. An sayar da ita ranar 5 ga Mayun 2022 a gidan tarihin kamfanin Mercedes da ke Stuttgart a Jamus, ta hannun RM Sotheby's, a kan yuro miliyan 135. Da yake yuro ɗaya CFA 655,957 ne ba ya motsi, lissafin ya kama miliyar 88 da rabi. Guda biyu kaɗai aka taɓa ƙerawa, ɗayar tana nan a hannun kamfanin. A watan Fabrairun 2025 wata Mercedes ta tsere, W196 ta 1954 wadda Juan Manuel Fangio da Stirling Moss suka tuƙa, ta tashi a yuro miliyan 51 da ƴan kai a wuri guda.

Bayan su sai Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 kawai aka yi a farkon shekarun 1960. An sayar da ɗaya dala miliyan 38 a 2014, wata dala miliyan 48,4 a 2018, sannan wata ƴar uwarsu dala miliyan 51,7 a birnin New York a watan Nuwamban 2023.

Waɗannan motoci sun haɗu a kan abu uku: ba su da yawa, an san tarihinsu tun daga ranar da suka bar masana'anta, kuma ba a ɓata asalinsu ba. Mai saye yana so ya ga lambar da ke jikin inji ta dace da wadda ke cikin kundin kamfani, haka lambar shasi da ta akwatin giya. Ferrari ma tana da sashe na musamman, Ferrari Classiche, da ke bincikar tsofaffin motocinta yana ba su takardar shaida. Motar da aka canza wa inji, ko da sabon ya fi na asali ƙarfi, farashinta yakan faɗi.

Har ƙura da tsatsa sun zama abin so. A 2015 kamfanin Artcurial ya yi gwanjon motoci kusan 60 na wani attajirin sufuri, Roger Baillon, da aka samu a rumfunan kwano a yammacin Faransa bayan shekaru da dama ba a taɓa su ba. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California da aka tono ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu, wadda ɗan wasan fim Alain Delon ya taɓa hawa. Ta tashi a yuro miliyan 16,3, sama da miliyar 10 na CFA. A 2024 kuma, a gasar nunin motoci ta Pebble Beach da ake yi tun 1950, babbar kyauta ta tafi ga wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ta ba, da tsohon fentinta da tabonta. Karon farko ke nan da irin wannan mota ta ci.

To ina matsayin motar da aka sake wa fasali?

A nan kasuwa ta rabu gida uku, kuma rashin bambance su ne ke jefa mutane cikin asara.

Rukuni na farko shi ne motocin da gyaran kansa ya zama tarihi. Mercury ɗin da muka fara da ita ana kiranta Hirohata Merc, da sunan Bob Hirohata, Ba'amurke ɗan asalin Japan da ya kai ta garejin ƴan uwa biyu, Sam da George Barris, a Los Angeles a 1952. Aikin da suka yi mata ya zama abin koyi ga masu gyaran mota na zamanin, ta fito a mujallu, ta ci kyaututtuka, ta fito a fim. A 2017 aka sa ta cikin rajistar motocin tarihi ta Amurka. Wanda ya biya dala miliyan 2 ya sayi hannun ƴan gidan Barris ne da shekaru saba'in na suna. Wani zai iya kwaikwayon aikin tsaf a kan wata Mercury, amma ba zai samu ko kusa da wannan kuɗi ba.

Rukuni na biyu motocin fim ne da na shahararrun mutane. George Barris ɗin nan ya karɓi wata motar gwaji ta kamfanin Ford, Lincoln Futura ta 1955, a kan dala ɗaya tak, ya mayar da ita motar Batman ta shirin talabijin na 1966. A Janairun 2013 aka sayar da ita a gwanjon Barrett-Jackson da ke Scottsdale a jihar Arizona, guduma ta sauka a dala miliyan 4,2. Ford Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, wani mutum mai suna Robert Kiernan ya saye ta dala dubu 6 a 1974, matarsa tana zuwa aiki da ita. McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa a 1977 yana neman a sayar masa, aka ƙi. A Janairun 2020 iyalan suka sayar da ita dala miliyan 3,74, da tsatsarta da komai. Masu kallon Fast & Furious kuma za su tuna Toyota Supra ruwan lemo ta 1994 da marigayi Paul Walker ya tuƙa: dala dubu 550 aka saye ta a Las Vegas a 2021. Nissan Skyline da ya hau a kashi na huɗu na fim ɗin ta haura dala miliyan 1,3 a gwanjon Bonhams a 2023.

Suna yakan ɗaga ko da motar talakawa. Peugeot 504 fara ta 1977 ta tsohon shugaban Iran Mahmud Ahmadinejad, irin wadda iyayenmu suka yi haya da ita tsakanin Maraɗi da Katsina, an sayar da ita kimanin dala miliyan 2 da rabi a 2011 a wani gwanjon taimakon gina gidaje ga mabuƙata. Wannan ba ya nufin 504 ta yi tsada. Sunan mai ita da manufar gwanjon aka biya.

Rukuni na uku shi ne wanda ya fi bunƙasa a shekarun nan: a ɗauki tsohon jiki a zuba masa kayan zamani. Amurkawa suna kiransa restomod. Daga waje mota ce ta 1967, a ciki kuwa sabon inji ne, sabon birki, na'urar sanyi da kujerun fata. Masu saye a nan mutane ne da ke son siffar dā amma ba sa son wahalar dā. Kamfanin Singer da Rob Dickinson ya kafa a Kalifoniya a 2009 yana ɗaukar Porsche 911 ta tsakanin 1989 da 1994 ya warware ta ƙusa-ƙusa ya sake ginawa, kuma an sha sayar da motocin da suka fito daga hannunsa fiye da dala miliyan ɗaya. Kamfanin Icon na Jonathan Ward yana yin irin haka da tsofaffin Toyota Land Cruiser. A gwanjon Barrett-Jackson ba abin mamaki ba ne a ga Corvette ko Ford Bronco da aka sabunta ta wannan hanya ta fi ƴar uwarta ta asali kuɗi.

Amma a lura da abin da ke riƙe farashin: sunan garejin da ya yi aikin, da takardun da ke nuna kowane ƙarfe da aka sa. Motar da mutum ya gyara bisa son ransa, da launin da ya ga dama da ƙafafu masu ƙyalli da manyan lasifiku, ɗanɗanonsa ne shi kaɗai. Ranar sayarwa sai ya nemi wanda ɗanɗanonsu ya zo ɗaya, kuma ko ya samu, da wuya ya biya shi awoyin aikin da aka zuba. Shi ya sa masu harkar ke cewa wanda ya fi cin riba shi ne na biyu, wanda ya sayi motar bayan wani ya gama kashe mata kuɗi.

Yadda gwanjon ke tafiya

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi zai gane tsarin. Akwai mai kaya, akwai dillali, akwai masu tayi, akwai la'ada. Mai mota yana iya ajiye farashin da in tayi bai kai shi ba ya ce albarka, mota ta koma gida. Yana iya kuma sakin ta ba sharaɗi, duk inda tayi ya tsaya an sallama. Barrett-Jackson ya yi suna da wannan tsari na biyu, wanda ke jawo jama'a domin kowa ya san za a sayar, amma mai mota yana iya kwana da baƙin ciki in ranar masu kuɗi ba su zo ba.

Farashin da jaridu ke bugawa yawanci ya haɗa da la'adar da mai saye ke ƙarawa. Motar Batman misali ce: guduma ta sauka a miliyan 4,2, amma da aka ɗora kashi 10 cikin ɗari sai ta koma miliyan 4,62. Shi ma mai sayarwa ana cire masa tasa la'adar, ga kuɗin ɗaukar mota, inshora da haraji. Abin da ke shiga aljihunsa bai kai abin da aka gani a kanun labarai ba. Gwanjon intanet irin na Bring a Trailer, da ya fara a 2014, ya rage wannan nauyi, domin kashi 5 cikin ɗari yake karɓa daga mai saye, kuma ya buɗe ƙofa ga motocin masu matsakaicin ƙarfi.

Kamfanin inshora na Hagerty, wanda ƴan kasuwar ke dogaro da ƙididdigarsa, yana kasa motoci mataki huɗu, daga ta ɗaya wadda ba ta da aibi ko kaɗan zuwa ta huɗu wadda ke tafiya amma da gyara a gaba. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tazarar farashi tsakanin mataki na ɗaya da na huɗu takan ninka sau da yawa. Wanda ya ga an sayar da irin motarsa da tsada ya fara tambayar kansa a wane mataki tasa take.

Kasuwar kuma tana hawa tana sauka. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988 farashin motocinsa ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka ci bashi suka saya, a farkon shekarun 1990 ya rushe, da yawa suka tafka asara. Ko a kwanan nan, cinikin makon motoci na Monterey da ake yi kowane watan Agusta ya kai kusan dala miliyan 470 a 2022, ya sauko ƙasa da miliyan 400 a 2024. Ɗanɗano ma yana canzawa da zamani. Mutum yakan nemi motar da ya yi mafarki da ita yana yaro, shi ya sa motocin Japan na shekarun 1990 ke tashi yanzu, yayin da masu son motocin shekarun 1940 da 1950 ke tsufa suna raguwa.

Abin da ya haɗa mu da wannan kasuwa

Hamadarmu tana cikin tarihin da ake saye da tsada. A shekarun 1980 tseren Paris-Dakar yana ratsa Agadas da Tenere, manya a arewacin ƙasar nan suna tuna ƙurar da yake tayarwa. Ɗaya daga cikin Porsche 959 da kamfanin ya shirya domin tseren 1985, wadda René Metge ya tuƙa, an sayar da ita dala miliyan 5,9 a Atlanta a watan Oktoban 2018, duk da cewa ba ta ma kai ƙarshen tseren ba.

Motoci biyu da muka fi sani su ma suna da masu nema. Land Cruiser samfurin 40, da Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, ta zama abin ado a Amurka, inda mai kyau ke cin dubban daloli masu yawa, wadda kuma fitaccen gareji ya sabunta takan haura dala dubu 100. Peugeot 504 ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. An daina yin ta a Faransa a 1983, amma masana'antar Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A Turai masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi, waɗanda gidan zane na Pininfarina ya tsara, su ne masu tsada. Mai ƙofa huɗu da doguwar nan ta haya farashinsu bai kai nan ba, ko da yake lafiyayyu suna ƙara wuya.

Muna da abu ɗaya da Turawa ba su da shi: busasshiyar iska. A can gishirin da ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarƙashin mota, a nan ƙarfe yakan daɗe bai ruɓe ba. Sai dai abin da tsatsa ta bari, lodi da ramuka sun gama da shi. Motar da ta yi shekara talatin tana ɗaukar buhuna da fasinja har saman rufi, da wuya a samu shasinta ba walda. Injin asali an daɗe da sauke shi an sa wani, takardun farko sun ɓace. Ƙwarewar makanikanmu wajen haɗa kayan wannan mota da na waccan ita ta riƙe sufurin ƙasar nan, amma a idon ɗan gwanjo kowane irin wannan haɗi ragi ne a farashi.

Doka ma tana da nata. A Faransa mota ba ta samun takardar motar tarihi sai ta kai shekara 30, an daina ƙera irinta, kuma ba a canza muhimman sassanta ba. Jamus tana da irin wannan sharaɗi na shekara 30. Ke nan motar da aka sauya wa inji ko aka yanke wa jiki tana iya rasa wannan matsayi gaba ɗaya. Amurka kuwa tana barin a shigo da motar da ta kai shekara 25 ba tare da ta cika ƙa'idojin sababbin motoci ba, kuma ta fi sauƙin kai ga masu gyara, shi ya sa kasuwar restomod ta fi ƙarfi a can. Ɗan uwan da ke zaune a Turai yana tunanin ɗauko tsohuwar motar gida ya fara lissafa kuɗin kai ta tashar jirgin ruwa, kuɗin jirgi, na duwan da na gyara, kafin ya kwatanta da farashin da ya gani a intanet.

Kafin ka taɓa motar, ko ka sallama ta

Wanda ke da tsohuwar mota a gida, abu na farko shi ne ya duba lambar shasi da ta inji ya rubuta, ya ɗauki hotuna ta kowane ɓangare har ƙarƙashi. Ya tattara duk wata takarda: ta mallaka, ta duwan, rasiɗin gyara, har tsofaffin hotunan iyali da motar ta fito a ciki. Waɗannan su ne tarihinta, kuma tarihi ake saye. Kada a yi gaggawar yi mata sabon fenti, domin fenti mai araha yana rufe abin da mai saye ke son gani, kuma yana sa shi zargin an ɓoye wani abu.

Wanda ke son ƙawata motarsa ya yi, kuɗinsa ne kuma jin daɗinsa ne. Amma ya zaɓi gyaran da za a iya warwarewa, ya adana duk abin da ya cire, ko sitiyari ne ko kujera ko fitila. Yanke jiki da huda shasi ba su da komawa. Ya kuma ɗauki kuɗin da ya kashe a matsayin kuɗin sha'awa, kada ya sa rai za su dawo ranar sayarwa.

A yi hattara da masu saye na bogi. Wanda ya turo saƙo ta Facebook ko WhatsApp ya yi tayin da ya wuce hankali, sannan ya ce a fara tura masa kuɗin takardu ko na jirgi, ɗan damfara ne. Kamfanonin gwanjo na gaskiya suna wallafa sakamakon cinikinsu, kowa yana iya duba abin da aka sayar da irin motarsa, a wane hali take, kuma a wace shekara.

Gaskiyar magana, mafi yawan tsofaffin motocin da ke jingine a unguwanninmu ba za su taɓa ganin zauren gwanjo ba, darajarsu ba ta wuce ta kayan gyara. Amma a cikin ɗari akan samu ɗaya da ba a yi haya da ita ba, injinta na asali, takardunta cikakku, wadda wani tsohon ma'aikaci ya riƙe da kyau har ya rasu. Irin wannan ce masu sayen tsohon ƙarfe ke ɗora wa sikeli su biya da kilo, su farfasa ta kafin la'asar. Minti goma na duba lambar shasi da tambayar wanda ya sani ya isa ya nuna wa magada ko abin da ke bayan ɗakinsu ƙarfe ne ko dukiya.